Lifidi Maki Nawa Ne?

 Makalar wannan mako ta ɗan kauce daga abin da muka saba, amma ku daure ku biyo ni, musamman masu rubuta labaran yaƙi da masu shirin taɓa labarin tarihi.

Da hutun sallar da ta wuce na je gida Kunci, sai na tarar da ɗan yayata a zaure ya baje takardu a kan tabarma, ga fensir a kunne, yana ta lissafi kamar mai rabon gado. Yaron yana jami'a, kuma a can ne shi da abokansa suka koyi wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons. Wasa ne na zaune, da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na ludo, sai dai babbar ƙwayar tasu fuska ashirin gare ta. Mutum ɗaya ke riƙe da labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. In jarumi ya kai sara, ba gardama ake yi ba, ƙwaya ake jefawa. Kowace irin rigar yaƙi tana da makinta, kuma makin nan ne ke nuna ko saran ya shiga ko ya goce.

Shi abin da yake so, ya ɗauke wasan daga ƙasashen dodanni na Turawa ya kawo shi nan, ƙasar da ke tsakanin Bichi da Kazaure, a zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Matsalarsa littafi biyu ne a hannunsa, tsohon bugu da sabo, kuma lambobinsu ba su jitu ba. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, kai da kake karance-karancen tarihi, lifidi maki nawa zan ba shi?"

Na yi dariya, na ce ban san ana auna lifidi da maki ba. Da na zauna na duba takardun nasa, sai dariyar ta tsaya, domin tambayar da yake fama da ita ita ce tambayar da duk mai rubuta labarin da ya wuce yake fama da ita, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in fara da wasan. An fitar da shi a Amurka a 1974, aikin mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson. Kafin shi, a 1971, Gygax da wani abokinsa Jeff Perren sun wallafa dokokin wani wasan yaƙi mai suna Chainmail, wanda in an fassara sunansa, sulke ke nan. A bugun farko na Dungeons & Dragons, makin kariya ƙasa yake yi. Wanda ba shi da komai a jiki 9 ne, mai rigar fata 7, mai sulke 5, mai rigar farantan ƙarfe 3, in ya ƙara da garkuwa ya zama 2. Arneson ya ce daga wani wasan jiragen ruwan yaƙi ya ɗauko tsarin, inda jirgi mai daraja ta ɗaya ya fi mai daraja ta biyu ƙarfe. Bugun da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970 ya mai da tsirara 10, ya ƙara wasu riguna, ciki har da riga mai cushe da tsumma ko auduga, wadda aka ba 8. Bugun 1989 ya ci gaba a haka, cikakkiyar rigar ƙarfe daga kai har ƙafa tana da 1.

A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ke buga wasan, sai a 2000 aka fitar da bugu na uku aka kifar da ƙwaryar. Yanzu maki sama yake yi. Kowa yana farawa da 10, rigarsa ta ƙara masa. Duk wanda ke da tsohon jarumi a takarda sai ya juya shi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a cire tsohon maki daga 20. A kan sulke lissafin ya fita daidai: 20 a cire 5, saura 15, kuma sabon littafi ma 15 ya ba shi. A kan sauran kuwa ya ƙi. Cikakkiyar rigar ƙarfe ya kamata ta zama 19, littafi ya ce 18. Rigar cushe ya kamata ta zama 12, littafi ya ce 11. Da aka zo bugu na biyar a 2014, sulke ya riga ya tashi daga matsakaiciyar riga ya koma sahun masu nauyi, makinsa 16, aka ce nauyinsa kusan kilo 25 ne, minti goma ake yi ana sa shi, kuma marar ƙarfi in ya sa shi tafiyarsa za ta ragu. Rigar cushe ita ce ta can ƙasa: maki 11, nauyi bai kai kilo 4 ba, minti ɗaya ka zura ta, ga arha. In za ka yi wa doki irin rigar da mutum ke sawa, kuɗin ya ninka huɗu, nauyin ya ninka biyu.

Sulken dai bai canza ba tsakanin 1989 da 2014. Masu littafi ne suka canza ra'ayi a kan yadda suke so faɗa ya kasance a teburinsu.

To, yaron nan da ya nemi inda zai ajiye lifidi, sai ya duba ya ga an ce riga mai cushe da auduga. Ya ce ai shi ke nan, lifidi ne wannan. Ya rubuta masa 11, ya ba talakan soja. Sulke kuma ya ba manyan mayaƙa na gaba-gaba, maki 16. Da a ce wani bawan sarki na zamanin Dabo zai ga takardar, da ya riƙe baki, domin an juya masa duniya ƙafa a sama.

A rundunar ƙasar Hausa, 'yan lifida su ne masu nauyi. Lifidi ba 'yar shara ba ce da mutum zai zura a minti ɗaya. Ƙyalle ne ake ninkawa a cusa masa auduga, sau da yawa audugar rimi, a bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri kamar katifa. Mahayi ya sa nasa, ya ɗora kwalkwali, shi ma doki a lulluɓe shi tun daga wuya da ƙirji har gindi, ya sauko masa wajen gwiwa. Kalmar daga Larabci ta zo, daga libd, wato abin da aka danƙare ake shimfiɗa wa doki, kuma a Barno ma da makamancin sunan suka san shi. Sulke kuwa, zoben ƙarfe ne aka sarƙa, ana sa shi ƙarƙashin riga, mai shi yana iya sukuwa, ya juya doki, ya kai hari ya dawo. Tsada gare shi ƙwarai, shi ya sa ya zama kayan sarakuna da manyan barade. A. D. H. Bivar, wanda ya bi fadodin Arewa yana duba tsofaffin sulkuna ya fitar da littafi a kansu a 1964, ya nuna cewa da yawansu ba a nan aka ƙera su ba, ta Sahara suka shigo daga wajen Masar da gabas. Dixon Denham ma da ya isa Kukawa a 1823, dogaran Shehu Laminu sanye da sulke ne suka fara ɗaukar masa ido.

Me ya sa auduga ta zama kayan gaba a nan, alhali a littafin Ba'amurke ita ce ta baya? Saboda abin da ake tsoro a filin dagarmu ba takobi ba ne, kibiya ce mai dafi. Bakan ƙasar nan bai cika ƙarfin huda ba, kuma ba ya buƙata. Maharbi ya shafa wa tsinin kibiyarsa dafin kwankwani, abin da yake nema kawai ta taɓa jini. Sulke yana tare kaifin takobi da kyau, amma raga ne, siririn tsini yana iya samun ƙofa, kuma ƙarzanewa kaɗan ta isa. Auduga mai kauri kuwa haɗiye kibiya take yi, ta maƙale ba ta kai fata ba. Sannan ku tuna doki ya fi mahayinsa faɗi, shi ne kibiya ta fi samu, kuma ba mai kuɗin da zai lulluɓe dawakin runduna da zoben ƙarfen Masar. Auduga kuwa ga ta a gona, ga rimi a bakin gari, ga masaƙa, ga maɗinka. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda ƙwallon rimi ke fashewa da rani iska ta kwashi audugar. Wannan abin da muke cusa wa matashin kai, shi ne ƙarfen kakanninmu.

Abin da ya ba ni sha'awa, su kansu masu wasan sun taɓa gane wannan. A littafin 'yan wasa na 1978 akwai wani dogon jadawali da ke nuna yadda kowane makami yake yi da kowace riga, wannan ya fi shiga sulke, wancan ya fi shiga fata. Jama'a suka ga wahala, yawanci suka yi watsi da shi. Bugun 1989 ya taƙaita shi ya ce wanda ya ga dama, na 2000 ya yar da shi gaba ɗaya. Aka bar riga da lamba ɗaya tilo ko me aka jefo mata. Jadawalin nan da aka yar, shi kaɗai ne gurbin da lifidi zai zauna ya yi ma'ana.

Ba fa cewa nake lifidi ba shi da aibu ba. Hugh Clapperton yana tare da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826 lokacin da suka kewaye wani garin Gobirawa, kuma ya rubuta abin da ya gani. Ɗan lifidi ba ya iya hawa doki da kansa, sai an cicciɓa shi. Dokin ba ya gudu, taku yake yi. Kuma daga cikin ganuwa, bindiga ta harbo ɗaya daga cikinsu, harsashi ya ratsa audugar ya wuce. Baturen da raini ya ba da labarin, wannan a fili yake, amma abin da ya gani ya yi daidai da hankali. Wanda sai an ɗaga shi ya hau, in ya faɗo ba zai tashi da kansa ba. Ke nan kowane ɗan lifidi yana tafe da mutanensa a ƙasa. Ƙara da zafin rana, ƙara da cewa auduga abokiyar wuta ce, kuma in ruwa ya jiƙa ta nauyinta ya ƙaru. Ƙara da irin dokin da zai iya ɗaukar wannan kaya, wanda ba kowane ba ne, da dawar da zai ci, da mai yi masa ciyawa. Shi ya sa 'yan lifida ba su da yawa a kowace runduna, kuma yawancinsu bayin sarki ne da barorin manya, sarki ne mai kayan, shi ke rabawa. Har sarauta aka yi da sunan, Lifidi, mai kula da su. Aikinsu su tsaya gaba su sha kibau, su buɗe hanya, ko su kewaye sarki.

A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da 'yan lifida da Buzaye. Jama'ar Shehu dawakinsu kimanin ashirin ne, sauran 'yan baka ne a ƙasa. Kowa ya san yadda ta ƙare. Da a teburin ɗan yayata aka buga wannan yaƙi da lambobi zalla, da Yunfa ne ya ci. Amma kuma ku lura, waɗanda suka ci yaƙin da baka, da suka kafa daula ba su ce lifidi banza ne ba. Tara dawaki suka yi, suka ɗinka nasu. Shekara 22 bayan Kwatto, ga 'yan lifida a rundunar Bello.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Mu ma tarihinmu bugu-bugu ne, kuma kowane bugu ya juya lambobin wanda ya gabace shi.

Duk wanda ya taɓa neman asalin lifidi a Kano, wuri ɗaya za a kai shi, littafin tarihin sarakunan Kano, wanda ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Za ku ga an rubuta 1390 zuwa 1410 a gaban sunansa, mu kuma mu kwafa kamar wani ya tsaya a wurin da kalanda. Shekarun nan ba sa cikin asalin littafin. Abin da ke ciki shi ne wane ya yi shekara kaza a sarauta. H. R. Palmer, wanda ya fassara shi daga Larabci zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ya sake bugawa a 1928, shi ne ya yi ta tara shekarun yana komawa baya har ya sa wa kowane sarki lokaci. Wannan ma cire tsohon maki daga 20 ne. A kusa yana fita daidai, in aka yi nisa sai a hankali.

Sannan littafin kansa a kan Sarki Bello ɗan Dabo ya tsaya, wanda ya rasu a 1893, kuma masana irin su John Hunwick suna ganin a wannan zamanin aka harhaɗa shi yadda muka same shi, daga kirari da waƙoƙi da abin da bayin fada suka riƙe a ka. In haka ne, tsakanin Kanajeji da mai alƙalamin akwai kusan shekara 500. Da ya rubuta lifidi, wanne yake gani a zuciyarsa? Wanda yake gani a ƙofar fada ranar hawa. Kalmar ta iso gare shi, amma kaurin abin, da tsawonsa, da ko doki ma ana sa wa a wancan lokaci, kalma ba ta ɗauke da waɗannan. Ni ina ganin labarin yana da ƙamshin gaskiya, domin ya zo da dalili, an sha kashi ne aka nemo magani, kuma haka makami ke shigowa ko'ina a duniya. Amma wanda zai zana Kanajeji da kayan hawan Daushe, ya sani cewa ya ɗora sabon bugu a kan tsoho.

Palmer da ya zo kan kalmar lifidi, barin ta ya yi yadda take, bai fassara ba. Sulke da kwalkwali kuwa ya ba su sunayen da Turawa ke kiran kayan mayaƙansu na da. Mai karatu a Landan ya ga kalma biyu da ya sani da ɗaya da bai sani ba, sai ya riƙe biyun, ya hango jarumin ƙasarsu a kan doki. Daga baya, a farkon shekarun 1930, ofishin fassara na Zariya ƙarƙashin Rupert East ya fitar da tarihin da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Abin da aka riƙe da Hausa a baki, aka rubuta da Larabci, aka juya Ingilishi, ya dawo Hausar boko. Mu kuma yau muna karanta shi da idon da ya ƙoshi da finafinan yaƙin Turawa da na Turkiyya. Bugu nawa ke nan?

Littafin ya kuma ba mu abin da ke canza darajar riga ba tare da an taɓa ta ba. Ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743 a lissafin Palmer, aka shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin dogarai. Sai dai bindigar wancan lokaci 'yar ɗure ce, ba yawa, ba saurin ɗuri, ga tsadar albarushi. Ba ta kori lifidi ba, ta dai rage masa maki kaɗan. Shekara fiye da 150 suka yi suna zaune tare.

Da na kawo nan sai yaron ya ce, "To Kawu, in na gane, sai in cika Kunci da 'yan lifida." Na ce a'a, nan ma ka yi sauri.

Yaƙin da manomin arewacin Kano ya fi sani ba na sahu da sahu ba ne, hari ne. Da Dabo ya hau a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe shekaru ana gwabzawa a wannan yanki na arewa, har Sarkin Musulmi Bello ya raba gardama ya bar masa Kazaure. Bayan nan ga Maraɗawa ta yamma da arewa, ga Damagaram, wadda Sarki Tanimu ya tara wa bindigogi har da igwa, kuma a ƙarshen shekarun 1890 Ahmadu Kuran Daga ya kutso cikin ƙasar Kano da kansa. Mai hari da asuba yake zuwa, ya kwashi shanu da mutane, kafin rana ta take ya yi nisa. Ba ya zuwa da dokin da ke taku, kuma ba a bin sa da shi. Abin da ya tsare talaka a irin wannan ƙasa mai gonaki jere da juna shi ne ganuwar gari, da sarƙaƙiyar ƙaya, da bakansa, da wanda ya hau bishiya ya hango ƙura ya yi kururuwa. Ɗan lifidi sai in sarki ne ya fito da kansa. Yaro a ƙauyenmu yana iya girma ya tsufa bai gan shi ba sai sau ɗaya ko biyu, kuma ranar da ya gan shi, ya san lamarin ya kai inda ya kai. In ni ne mai labarin, haka zan yi amfani da shi: in ɓoye shi har sai babi na goma, in bar mai karatu ya fara jin ƙarar ƙararrawa da nishin doki kafin ya ga abin da ke tahowa.

Bugun ƙarshe a 1903 aka buga shi, kuma ba a nemi shawararmu ba. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da soja ƙasa da dubu, da igwa, da bindiga mai ruwa. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. A ƙarshen watan, a yankin Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa ƙananan rukunonin soja da suka yi sahu kusurwa huɗu da bindigogin zamani, a nan Waziri ya kwanta. Sakkwato ran 15 ga Maris, Burmi ran 27 ga Yuli. A gaban wannan harsashi, da mai lifidi da mai sulke da mai riga ɗaya duk makinsu ɗaya ne, sai ma dai mai nauyi ya fi daɗewa a inda ake harbi. Babu lissafin da zai juya tsohon maki zuwa wannan bugu.

Daga nan lifidi ya koma kayan hawa. Shi ne muke gani da sallah, ja da kore da rawaya, gashin jimina na rawa a kan kwalkwali, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Abin alfahari ne. Amma na hawa don ido aka ɗinka shi, ba wanda zai harbe shi da kibiya, don haka ba abin da ke tilasta wa maɗinki ya cika masa kauri. Marubucin da ya tsaya a Ƙofar Kudu ya kalli hawa ya koma gida ya rubuta yaƙin 1820, ya ga launi, bai ga nauyi ba.

Na karanta rubuce-rubucen yaƙi da dama da matasanmu ke turowa a duba musu, kuma kusan kullum abu ɗaya nake gani. Sadauki sanye da sulken baƙin ƙarfe tun daga kai har ƙafa, ya daka tsalle ya haye doki, ya yi kwana uku yana sara bai nemi ruwa ba. In a birnin aljanu labarin yake, ba ni da ta cewa, ƙasarka ce, dokarka ce. Amma da zarar ka rubuta Kano ko Katsina ko Kazaure, ka ambaci sarkin da aka sani, to ka shiga bugun da ba kai ka rubuta dokokinsa ba. Kuma abin haushin, gaskiyar ta fi ƙagen daɗi. Dubi abin da ke cikinta. Mutumin da ya fi kowa kariya a fili bawa ne, kayan jikinsa ba nasa ba ne. Ba ya iya hawa sai an ɗaga shi, ba ya iya gudu ko ya so, kuma ransa yana hannun yaran da ke biye da shi a ƙasa, waɗanda ba su da komai a jiki sai bante da laya. In ya faɗi suka tsere, ya mutu. In suka tsaya ɗaga shi, su kibiya za ta samu. Wa ya taɓa rubuta mana labarin yaron nan? Me ke tsakaninsa da mutumin da ke cikin audugar? Wa ya noma audugar, wace ce ta kaɗa zaren, nawa aka biya maɗinkin, ko ba a biya shi ba?

Mun kai har bayan la'asar a zauren nan. A ƙarshe ga abin da ya rubuta a takardarsa, na kwafo shi don na ga ya fi nawa bayanin tsari. Ya cire lifidi daga gurbin rigar cushe ya kai shi sahun masu nauyi. Ya ba shi maki biyu maimakon ɗaya: 18 in kibiya ce, 13 in mashi ne ko takobi a kusa. In bindiga ce, 10, kamar wanda ba shi da komai. Doki ba ya sukuwa. Ba a hawa sai da mutum biyu, in an faɗo ba a tashi sai da su, kuma su ma 'yan wasa ne za su riƙe su, ba mai labari ba. Ba a sayen sa a kasuwa, sai sarki ya ba ka, kuma yana iya karɓewa. Sulke ya bar shi a 16 a gaban takobi, amma ya ce duk kibiyar da ta shiga, sai an sake jefa ƙwaya a ga ko dafi ya kama.

Lambobin nasa ne, ba na tarihi ba, kuma na gaya masa 13 ɗin nan ni ban gamsu da ita ba, ina ganin auduga mai wannan kauri ta fi haka tare sara. Ya ce zai gwada da abokansa in sun koma makaranta, in 'yan lifida sun cika mutuwa da wuri zai ƙara musu ɗaya. Sai ya tambaye ni maki nawa zai ba laya. Na ce wannan ya je ya tambayi kakarsa, tana cikin gida tana tankaɗe.